Mako guda a jirgin iska tsakanin Tenerife da La Gomera: abin da muka biya, da abin da muka tarar

Ni ɗan Yawuri ne. Na shiga kwale-kwale a Neja tun ban fara makarantar allo ba, amma ban taɓa kwana a kan ruwa ba sai a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce. Yanzu a Manchesta nake zaune, ina aikin harhaɗa magunguna. Wanda ya taɓa yin Disamba a Ingila ya san halin da ake ciki: kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, yayyafi ba ya yankewa, yara suna hutun makaranta amma babu wurin zuwa sai gaban allon waya. Ɗana mai shekara 15 ne ya tsinto tallar wani kamfani da ke sayar da ɗaki-ɗaki a jirgin ruwa mai tafiya da iska a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, kwana bakwai, da matuƙi, daga kudancin Tenerife. Wata uku yana nuna mana hotuna kafin uwargida ta amince. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yaba musu, akwai kuma inda suka ɓata min rai sosai.

Bari in fara da kuɗi, tunda shi mutane suka fi tambayata. Kowane mutum yuro 1,050. Mu uku ne, ɗakuna kuma na mutum bibbiyu ne, sai muka ƙara yuro 500 don yaron ya kwana shi kaɗai ba tare da baƙo ba. Akwai asusun haɗaka na abinci da man dizal da kuɗin tsayawa a tasha, kowa ya zuba 180. Wannan duk sun rubuta a fili. Abin da ba su rubuta ba shi ne kuɗin share jirgi, yuro 40 a kan kowane kai, wanda sai da muka sauke jakunkuna a bakin ruwa aka miƙo mana takardarsa. Jimla 4,310, ban da tikitin jirgin sama, wanda a makon Kirsimeti tsada yake yi ba kaɗan ba. Tafiyar daga Manchesta awa huɗu da rabi ce, kuma agogon Kanari ɗaya yake da na Ingila. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen tun da wuri.

Jirgin tsawonsa kusan mita 14 ne. A hoto kamar gida yake. A ido kuwa, ɗakinmu gado ne kawai da 'yar tazarar da mutum ɗaya zai tsaya ya sa riga, kuma idan ka miƙe zaune a ƙarshen gadon kanka zai taɓa rufi. Sun gargaɗe mu kada mu zo da akwati mai tauri, kuma gaskiyarsu ce, babu inda za a tura shi. Mu takwas ne a ciki: mu uku, wasu mata da miji Jamusawa da suka manyanta, wasu 'yan'uwa mata biyu 'yan Holan, sai matuƙiyar, wadda take kwana a kujerar falo. Duk tarin da wani ya yi cikin dare kowa zai ji. Na faɗi wannan ne don masu iyali irin namu, waɗanda suka saba da shamaki tsakaninsu da baƙi. Hajiya ta ɗauki kwana biyu kafin ta saki jiki, kuma da matuƙin namiji ne, ban san ko za ta saki jikin ba har mu sauka.

Banɗaki na famfon hannu ne: ka buɗe wani ɗan makulli, ka buga famfo sau goma sha biyar ruwan teku ya wanke, ka rufe, ka sake bugawa ya tsotse. Ba a jefa ko da takarda a ciki. Namu ya toshe a rana ta biyu, ba da laifinmu ba, robar cikin famfon ce ta tsufa. Matuƙiyar ta kwance shi da hannunta a tasha ta sa sabuwa, amma ta gaya min cewa ta rubuta wa ofis game da shi tun makonnin baya. Ruwan daɗi kuwa tanki ne na kimanin lita 500 ga mutum takwas, sha da girki da wanke-wanke da wanka duk a ciki. Wanka na ƙwarai sai an shiga tasha, inda akwai banɗakunan wanka masu ruwan zafi. Mu da muka taso muna auna ruwa da bokiti ba mu sha wahalar wannan ba. Na tafi da butata, kuma ina ba kowa shawarar ya tafi da tasa.

Inda kamfanin ya fi ɓata min rai shi ne abinci. Wata guda kafin tafiya sun aiko da takarda suna tambayar abin da kowa yake ci da wanda ba ya ci. Na cika ta dalla-dalla: ba ma cin naman alade, ba ma cin naman da ba yankan Musulmi ba, ba a zuba mana giya a girki, kifi da ƙwai da ganye duk muna ci. Takardar ba ta taɓa isa hannun matuƙiyar ba. Da muka buɗe firji daren farko, kusan rabinsa naman alade ne iri-iri, domin a Sifaniya shi ne abin karin kumallo da na marmari. Na ji zafin abin, ba don ba za mu sami abin ci ba, sai don an tambaye mu kamar an damu, ashe tambayar ta cika ƙa'ida ce kawai.

Matuƙiyar ce ta gyara ɓarnar. Mace ce da ta kusa shekara hamsin, 'yar Galisiya ta arewa maso yammacin Sifaniya, gajeriya, mai ƙarancin magana, fatarta duk rana ta dafa ta. Da na yi mata bayani ba ta tsaya dogon ba da haƙuri ba. Washegari da safe ta kira tasi, muka je shagon wani mahauci ɗan Maroko a yankin Los Cristianos, muka sayo kaza da naman rago daga kuɗin haɗaka, ta ware mana tukunya ɗaya da katakon yanka ɗaya ta ɗaura musu jan zare. Daga ranar babu wanda ya taɓa su. Girki kuwa karɓa-karɓa ake yi, domin babu kuku, abin da tallar ta ambata da ƙananan haruffa can ƙasa. Ranar da ta zagayo kanmu Hajiya ta yi dafa-duka da yajin da ta zo da shi daga gida, a kan risho mai lilo wanda yake karkata tare da jirgi don kada tukunya ta kife. Bajamushen nan sai da ya ƙara sau biyu, hawaye na zuba masa saboda yaji, yana ta neman a rubuta masa yadda ake yi.

Rana ta uku muka tsallaka zuwa La Gomera, tafiyar kimanin kilomita 50, kuma ita ce ranar da na fahimci abin da muka saya. Mun fito da hantsi, teku a kwance kamar an shimfiɗa tabarma, domin dutsen Teide, mai tsawon mita 3,715, yana tare iskar arewa maso gabas daga kudancin Tenerife. Awa biyu da inji muka tafi. A nan ne muka haɗu da manyan dabbobin tekun nan baƙaƙe masu dunƙulallen goshi, waɗanda mutanen wurin suke kira calderón. Zaune suke a wannan mashigin duk shekara. Kamar ayu na kogin Neja, iska suke shaƙa kuma suna shayar da 'ya'yansu, sai dai wasunsu sun kai mita biyar, kuma suna nutsewa har kusan mita 1,000 neman abinci. Matuƙiyar ta kashe inji tun daga nesa, ta ce dokar ƙasar ta hana kusantarsu ƙasa da mita 60. Muka yi tsit. Babu abin da kake ji sai hucin numfashinsu, fuu, fuu, kamar shanu sun kwanta tuƙa. Hajiya tana ta tasbihi a hankali.

Bayan nan sai matuƙiyar ta ce kowa ya sa rigar kariya, ta kuma fara rage babban ƙyallen iska, alhali ko gashin kai iska ba ta kaɗawa. Ɗaya daga cikin 'yan Holan ta tambaye ta dalili. Sai ta nuna gaba da yatsa: wani layi mai duhu a kan ruwa, da farin kumfa a bayansa. Tsibiran nan duwatsu ne dogaye, idan iska ta matsu tsakanin biyu sai ta fito da ƙarfi ninki biyu ko uku, kamar yadda ruwa yake tsananta a inda kogi ya tsuke. Ba a yi minti goma ba muka shiga. Na'urar auna iska ta tashi daga kusan kilomita 15 a awa zuwa 50. Jirgin ya kishingiɗa gefe guda har ruwa yana lasar bakinsa, raƙuman ruwa suna fantsamo mana gishiri a fuska, wani kofi da aka manta a ƙasa ya tarwatse. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, anya kuwa?" Ni ma zuciyata ta tsinke, domin a Yawuri idan jirgi ya karkata haka, kifewa zai yi. Matuƙiyar ta lura da fuskokinmu, ta matso ta yi mana bayani cewa akwai ƙarfe kusan tan uku a maƙale a ƙarƙashin jirgin, iya karkatarsa iya ƙarfin da ƙarfen yake ja ya miƙar da shi. Daga nan ta kira ɗana ta ɗora hannunsa a kan sitiyari, ta tsaya a bayansa, ta ce ya zuba ido a kan wani tsauni na La Gomera kada ya kalli komai sai shi.

Awa ɗaya da rabi yaron nan yana tuƙi. Yaron da a gida sai an kira shi sau uku kafin ya ɗaga kai daga waya. Da muka shiga tashar San Sebastián ya juyo, leɓɓansa sun yi fari da gishiri, ya ce, "Abba, ka gani?" Na gani. Idan aka ce in nuna inda kuɗina ya tafi, wannan awa ɗaya da rabin zan nuna.

Maganar rigar kariya ta tsaya min a rai. Matuƙiyar ba ta wasa da ita ko kaɗan, da dare ko idan iska ta tashi sai kowa ya sa, ya kuma maƙala igiyarsa a jikin jirgi. Na tuna jirgin da ya nutse a kusa da Warrah a watan Mayun 2021, cikin kogin da na taso a bakinsa, da ɗimbin mutanen da suka tafi kasuwa ba su dawo ba. Riga ce da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Tashin zuciya kuwa, jiki magayi. Cikin mu bakwai huɗu sun yi amai a ranar, har da ni. A matsayina na mai sana'ar magani ga abin da zan ce: maganin jirin tafiya kafin a tashi ake shan sa, ba bayan ciki ya juya ba. Cinnarizine awa biyu kafin tafiya, ko wanda ake samu a kowane kantin magani na Sifaniya mai suna Biodramina. Dukansu suna sa barci, kuma mai wata cuta ko mai shan wasu magunguna ya tambayi likitansa tukuna. Kada ka sauka cikin ɗaki, kada ka kalli waya, ka zauna a sarari ka kalli inda sama ta haɗu da ruwa. Citta tana taimaka wa wasu. Zuwa rana ta huɗu jikina ya saba.

Sallah ba ta ba mu wahala yadda na zata ba. Alƙibla daga can gabas ce, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa, kuma kamfas ɗin jirgi yana gabanka kullum. A tasha muna fita kan dandamalin katako mu shimfiɗa darduma. Idan an jefa anka, wato ƙarfen da ake sakawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, jirgin yakan riƙa juyawa a hankali, sai mutum ya bi alƙibla yana gyara tsayuwa. Ranar tsallakawa ce kawai na yi a zaune, don tsayuwa ba ta yiwuwa. Alwala da ruwan teku muka riƙa yi, mu ɗebo da guga, tunda hadisi ya tabbatar ruwansa mai tsarki ne. Asuba a watan Disamba a can tana da sanyi mai ratsa jiki, rana ba ta fitowa sai wajen takwas saura, don haka a tafi da rigar sanyi ko da tallar ta nuna mutane cikin singileti. Da rana dai zafin yakan kai digiri 21 ko 22.

San Sebastián ƙaramin gari ne mai natsuwa. Daga nan Kolumbus, matuƙin da ya tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, ya ɗebi ruwa ya tashi ranar 6 ga Satumba, 1492, kuma har yau a watan Disamba daga tashar nan wasu suke tashi da ƙananan jirage, su yi tuƙi da hannu har tsibirin Antigua. Mun hau mota zuwa dajin Garajonay, can saman tsibirin, inda hazo yake ɗiga daga ganye kamar ruwan sama. A wani gidan abinci a hanya aka nuna mana silbo, maganar fito da mutanen tsibirin suke yi daga wannan tsauni zuwa wancan, wadda tun 1999 ake koyar da ita a makarantunsu. Turawan suna ta mamaki, ni kuwa kalangu na tuna, yadda makaɗi zai kira sunan mutum da kirarinsa kowa ya gane. Abincinsu ma akwai wanda ya yi min kama da na gida: gofio, garin hatsi soyayye, idan aka murje shi da zuma kusan dakuwa ne. A kula da miyar ganyensu, yawanci da haƙarƙarin alade ake dafa ta, sai an tambaya.

A nan muka yi daren sabuwar shekara. Mutanen gari suka cika dandali da kwalliya, kowa da 'ya'yan inabi goma sha biyu a hannu, ana cin ɗaya da kowane bugun ƙararrawa na ƙarfe goma sha biyu. Abokan tafiyarmu sun sha giyarsu, mu muka sha ruwan inabi, babu wanda ya takura wa wani. Amma in faɗi gaskiya, kusan kullum da yamma akwai kwalba a kan teburin jirgin, kuma teburin ɗaya ne. Wanda ba zai iya zama a irin wannan wuri ba, gara ya haɗa 'yan'uwa su ɗauki jirgin gaba ɗaya.

Akwai abin da babu talla da za ta gaya maka. Rediyon jirgi a kunne yake kullum a kan tasha ta 16, ta neman agaji. Wani dare aka yi wata sanarwa da Sifaniyanci, na ga matuƙiyar ta ajiye cokali tana saurare. Ta ce ana gaya wa jiragen da ke kudu su sa ido, an hango wani kwale-kwale. Irin dogayen jiragen katakon masuntan Senegal da Muritaniya da Gambiya ne, masu fenti kala-kala, da suke kwana da kwanaki a teku cike da mutane, yawancinsu su nufi tsibirin El Hierro. A 2024 kaɗai fiye da mutum 46,000 ne suka iso Kanari ta wannan hanya, ban da waɗanda teku ta cinye. Ni da na yi amai a tafiyar awa biyar, cikin jirgi mai firji da rigar kariya, na kasa cin abincin daren. Ɗana ya yi min tambayoyi da yawa a daren, na amsa wanda zan iya.

Tallar ta yi alkawarin tsibirai uku, har da La Palma. Ba mu je ba. Rana ta biyar iska ta juya gabas, sama ta yi jawur, Teide ya ɓace ɓat. Suna kiran wannan calima, mu kuwa hazon hunturu muka sani, ƙurar Sahara ce ɗaya, har ƙaiƙayin maƙogwaron iri ɗaya ne. Matuƙiyar ta duba hasashen yanayi ta ce idan mun je La Palma, dawowa za ta zame mana azaba, ita kuwa ba za ta yi haka da mutanen da ba su saba ba. Ban ga laifinta ba. Laifin na wanda ya zana taswira mai tsibirai uku ne ya sayar, alhali ya san a lokacin sanyi iska ce take yanke hukunci. A maimakon haka muka zagaya kudancin La Gomera muka jefa anka a kusa da Valle Gran Rey, ƙarƙashin wani jan dutse mai tsayi. Jirgin ya yi ta lilo duk dare, barci rabi da rabi, amma da asuba na fito na tarar da Hajiya ita kaɗai a waje da kofin shayi, ta ce min rabonta da jin shiru irin wannan tun tana yarinya a ƙauyensu.

Da muka dawo na rubuta wa kamfanin game da abubuwa uku: kuɗin shara, takardar abinci, da taswirar. Sun mayar mana da yuro 120 ɗin cikin mako guda. Game da sauran biyun ba su ce uffan ba.

Ban ba mai ƙananan yara shawarar zuwa wannan mashigin a Disamba ba, haka mai ciwon baya ko gwiwa, domin hawa da sauka da riƙe-riƙe ba sa ƙarewa. Wanda yake son a yi masa hidima ya kwanta, otal ya fi masa, kuma ya fi araha. A nan za ka ja igiya, ka wanke kwano, ka tashi tsakar dare idan an ce a duba anka. Wanda ya yarda da wannan, kafin ya biya ya nemi a rubuto masa duk kuɗin da zai biya a bakin ruwa, ya nemi lambar matuƙin ya gaya masa maganar abinci da bakinsa, ya kuma tambayi shekara nawa matuƙin ya yi yana aiki a tsakanin waɗannan tsibiran. Tamu ta yi goma sha ɗaya. Ɗana yana tara kuɗin kwas ɗin koyon aikin jirgi na kwana biyar da take koyarwa a lokacin hutun Ista, ya riga ya haɗa kusan rabi, kuma Hajiya ta ce idan za a raka shi, ita ce za ta je.